Hannun Rigar Da Aka Ɗinke

A ƙauyenmu Baramgol kowa ya san bakina, ni Malsun. Cewa suke in kana so magana ta riga ka isa tashar mota, ka faɗa wa Malsun, ka ce kada ta gaya wa kowa. Ban musa ba. Amma akwai magana guda da na haɗiye shekara ashirin da huɗu cur, kuma abin haushin, ita ce wadda ya kamata in furzar tun ranar farko.

Maganar Darae ce, jikar Okbun. I, ita dai, 'yar ƙwallon hannun nan mai lamba goma sha bakwai.

Okbun maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ta girme ni da shekara uku, don haka Yaya nake ce mata ko da muna tsakiyar faɗa. Ita ta riƙe Darae tun tana wata takwas, don iyayen suna can Incheon suna aikin masana'anta. Ranar da yarinyar ta cika shekara aka yi biki yadda aka saba, aka jera mata kaya a kan tebur a ga wanda za ta fara ɗauka: fensir, ƙoƙon shinkafa, da dunƙulen zare. 'Yar nan ta miƙa hannu, ta tsallake fensir, ta cafki zare. Muka fara tafi, don zare alamar tsawon rai ne. Ba mu gama tafin ba ta ɗaga zaren ta wurga, bai zarce ko'ina ba sai tabaran mai gari. Tabarau ya yi tsalle ya faɗa cikin miya.

Kowa ya fashe da dariya, har shi mai garin. Okbun kaɗai ba ta dara ba. Ta ga abin da ni ma na gani. Da hagu yarinyar ta ɗauka, da hagu ta jefa.

Washegari na leƙa ta katanga, wai aron gishiri, na same ta da tarin rigunan yarinyar a cinya tana ɗinki.

Na ce, "Yaya, bakin hannun riga kike ɗinkewa? To ta ina hannun zai fito?"

"Ba zai fito ba. Shi ne maganar."

"Haba Yaya! 'Yar mutane?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce a ƙauyensu an yi wata yarinya bahaguwa. Ranar da aka kai ta gidan miji ta zuba wa surukinta giya da hagu a gaban dangi. Uwar mijin ta kama yatsun nan ta kwankwatse su da ludayi, aka kuma yi shekaru ana cewa an auro mara tarbiyya. "Jikata ba za ta sha wannan ba."

"Ai wannan zamanin da ne."

"Zamani yana sakewa, bakin mutane ba ya sakewa. Naki ma shaida ne." Sai ta ciji zare, ta dube ni. "Ranar da maganar nan ta fita daga bakinki, ranar kowa zai ji daga tulun wa aka ɗebo kimcin da ya ci gasar gunduma."

To, ga inda ta kama ni. Shekara biyu kafin nan na zo na ɗaya a gasar kimci, wato kabejin nan da muke tsimawa a tulu da gishiri da barkono, har aka ba ni takardar yabo, aka sa mata gilashi aka rataye a zauren tsofaffi. Gaskiyar magana, nawa ya yi gishiri a shekarar, ko kare ba zai ci ba. Na tsallaka katanga na ɗebo na Okbun. Na ɗauka ba ta sani ba. Ashe ajiye min ta yi, kamar wuƙa a kube.

Shekara uku Darae tana yawo da hannu ɗaya a cikin riga. Kafin ta shiga makaranta ta iya cin abinci da dama, ta iya rubutu da dama, ita kanta ba ta tuna komai ba. Waɗanda suka halarci bikin kuma, wasu suka mutu, wasu suka manta. Saura ni.

Wuri ɗaya ne idon Okbun bai kai ba: gonar kabeji. Gwiwa ta hana ta hawan tudu. A can kuwa, lokacin girbi, ana tsayawa ƙasa ana cilla kabeji ɗaya bayan ɗaya ga wanda ke kan mota yana jerawa. Tun Darae tana shekara tara take wannan aiki duk girbi, daga safe har rana ta karkata, kuma da hagu take cillawa. Wa zai tsaya duba hannun da aka jefa kabeji da shi? Ni na duba. Na ja bakina na yi shiru.

A makaranta malamin wasanni ya ga tsayinta ya sa ta ƙwallon hannu. Da dama, ba shakka. Ta kuma iya. Tana shekara goma sha tara ƙungiyar kamfanin siminti da ke bakin teku ta ɗauke ta. Shekara shida tana can, sau biyu suka ɗauki kofin ƙasa. Mai gari na yanzu, ɗan wancan mai tabarau, duk ranar da suka ci wasa sai ya hau lasifikar gari ya sanar, tsakanin labarin taki da na allurar shanu.

Amma abin da Darae take so daban ne. Rigar ƙasa take so, mai tuta a ƙirji. Sau uku ana kiran ta sansanin 'yan wasan ƙasa, sau uku ana sallamo ta da jakarta. Dalilin kuwa, kamar yadda ta bayyana mana, masu jifa da dama sun yi yawa kamar tsakuwa a rafi. Wadda ake nema ita ce mai tsayawa ta gefen dama na fili, ita kuma sai bahaguwa, don hannunta ne yake fuskantar raga. Bahaguwa mai tsayi da ƙarfi kuwa ta fi ginsen daji, saiwar maganin nan mai tsada, wuyar samu.

Bayan sallama ta uku ta zo gida, muna cin abinci mu uku, ta ce, "Kun san abin da kocin ƙasa ya ce min? Wai, Darae, da bahaguwa ce ke, da tuni na ba ki riga." Ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Shinkafa ta sarƙe ni. Na buɗe baki. Okbun ta turo faranti gabana a hankali.

"Ci kimci, Malsun. Na san kina son nawa."

Na ci. Tir da ni, na ci.

Tana shekara ashirin da biyar kafaɗarta ta dama ta yage a tsakiyar wasa. Aka yi mata aiki. Likita ya ce za ta iya taje kai, za ta iya ɗaukar jaka, amma jifa irin na da, ta manta da shi. Ta dawo Baramgol ana tsakiyar girbi, hannu a rataye a wuya, ta zauna a dakali tana kallon kaji. Ba ta kuka, ba ta magana. Na fi son mai kuka, ko ba komai ka san inda ka kama.

Ranar wata Asabar kocin ƙungiyarsu ya zo. Pyo sunansa, wani gajere mai sanƙo da murya kamar an jawo buhu a ƙasa. Ya zo karɓar takardar ajiye wasa. Darae ta riga ta rubuta, ta buga hatiminta, ta sa a ambulan. Ina ta bayan katanga, ba laɓe nake ba, shanya nake. Na ji ya ce, "Kin tabbata?" Ta ce, "Me ya rage, Koci?" Na ji ƙarar ambulan ya shiga aljihu.

Na tuna takardata mai gilashi. Na tuna yadda duk baƙon da ya shiga zaure sai na ja shi gabanta. Sai na tuna kuma 'yar nan tana rarrafe da hannu ɗaya, tana faɗuwa da haɓa. Na yar da shanyar a ƙasa, na zagaya.

"Malam Koci, dakata. Yarinyar nan bahaguwa ce."

Kowa ya juyo. Okbun ta miƙe tsaye, ita da gwiwa ke hana tashi.

"Ƙarya take! Kada ka saurare ta, ɗan nan. Wannan da kake gani, ita ta ce matar mai kantin magani tana da ciki, ashe kumburin wake ne."

"Wannan kuskure ne, kowa yana yi."

"Ita ta ce an ga damisa a bayan makaranta."

"Kyanwar ta yi girma, Yaya, ke ma kin gan ta!"

"Ɓarauniyar kimci!" Okbun ta ɗaga murya yadda har masu dawowa daga gona suka tsaya a bakin ƙofa. "Ku ji, jama'a! Kimcin da ta ci gasa da shi, nawa ne! Daga tuluna ta sata!"

Shi ke nan, wuƙa ta fita daga kube. Abin mamaki, sai na ji sakayau, kamar na sauke tulu daga ka.

Na ce, "Naki ne, kuma ya yi daɗi. Yanzu ki faɗa musu hannun riga nawa kika ɗinke."

Darae ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kaka Malsun, don Allah. Yau ba ranar wasa ba ce."

"'Yar nan, da wane hannu kike cilla kabeji?"

Ta ce, "Wannan ai saboda gefen da nake tsayawa ne."

Koci Pyo ya duba agogo. Ya sunkuya ya yi wa Okbun sallama, ya ce da ni, "Iya, na gode da kulawa," irin muryar da ake lallashin mahaukaci da ita, ya nufi motarsa. Wannan shi ne ladan mai baki: ranar da ka zo da gaskiya, babu mai saye.

Hanyar fita daga Baramgol guda ce, kuma mota ɗaya take ɗauka. Na suri kabeji daga amalanken wani, na riga shi, na zauna daram a tsakiyar hanya na ɗora kabejin a cinya.

Ya danna ham. Na gyara zama.

Ya leƙo. "Iya, ina da tafiyar awa biyu."

"Ni kuma ba ni da inda za ni. Ko ka taka ni, ko ta jefa wannan sau ɗaya. In ƙarya nake, ni da kaina zan tura maka motar har bakin titi."

Mutane suka taru. Wani ya ce, "Taka ta, Koci, mu huta!" Aka kwashe da dariya. Ya fito yana gunaguni, ya karɓi kabejin, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Daidai lokacin lasifikar gari ta yi ƙara, mai gari ya fara: "A, a, ana ji na? Jama'ar Baramgol, game da maganar takin nan..."

Lasifikar tana saman falwaya, taku arba'in daga inda muke. Koci ya miƙa wa Darae kabejin, ya nuna da haɓa.

"Gwada can, mu sallami tsohuwar nan."

Ta karɓa da hagu don ba ta da wani. Ba ta ko saita ba, haushi take ji. Ta taka ɗaya, biyu, uku, jikinta ya murɗa yadda ya saba shekara goma sha shida a gona, hannun ya fita.

"...duk wanda bai rubuta sunansa ba kafin ranar Lit..."

Gwaf!

Lasifika ta juya ta kalli dutse. Ganyen kabeji ya dinga saukowa a hankali. Gari ya yi tsit, irin tsit ɗin da ba mu taɓa samu ba tun da aka naɗa mutumin nan.

Koci Pyo ya tsaya baki buɗe. Ya ce, "Sake." Aka kawo wani. Ta sake, lasifikar ta ƙarasa faɗowa. Ya zaro ambulan daga aljihu, ya dube shi, ya miƙo min.

"Iya, kina da murhu?"

Darae kuwa hannunta take kallo kamar na wani aka ara mata. Ta juya ga kakarta. "Kaka, gaskiya ne?"

Okbun ta juya. Ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da ƙunshi ta kwance a kan dakali. Riguna goma sha ɗaya, ƙanana, kowacce hannunta na hagu a ɗinke ruf da ɗinki mai kyau. Darae ta ɗaga ɗaya, wata rawaya, ta sa yatsa a hannun rigar, yatsan ya tokare.

"Sau uku, Kaka," ta ce. "Sau uku ana koro ni, kina zaune."

Ta ɗauki jakarta ta shiga motar koci. Ba ta yi sallama ba.

Kada ku ɗauka daga nan sai tafi. Jifan kabeji daban, wasa daban. Sai da ta koyi komai daga farko, takun ƙafa, tsalle, faɗuwa, kamar 'yar aji ɗaya, ga 'yan shekara goma sha takwas suna wuce ta suna ƙus-ƙus. Shekara guda ba ta buga wasa ko ɗaya ba. A ta biyu aka fara sa ta minti biyar, minti goma. Kafin kakar wasan ta ƙare masu tsaron raga sun fara tambayar juna daga wane rami wannan ta fito. Ƙungiyar siminti ta ɗauki kofi na uku, Darae ce ta fi kowa zura ƙwallo. Aka kira ta sansanin ƙasa karo na huɗu, wannan karon jakarta ba ta dawo ba.

Duk tsawon nan tsakaninta da kakarta sai gaisuwar sabuwar shekara. Ta zo, ta durƙusa, ta ci abinci, ta tafi. Ni kuma Okbun ta daina yi min magana, an kuma sauke takardata daga bango an rataye kalanda a wurin. Yara har waƙa suka yi min.

Saura mako biyu a fara gasar Asiya, Okbun ta ƙwanƙwasa min ƙofa da wani ɗan ƙunshi. Ba ta iya rubutu ba, ni kuwa na yi aji uku.

"Rubuta adireshin sansanin. Kada ki buɗe."

"Ni? Haba Yaya."

Tana juya baya na buɗe. Hannun rigar nan rawaya ne, ta yanke shi daga kafaɗa, ta warware ɗinkin tsaf. Ramukan allura suna nan a jere. Babu wasiƙa, babu komai. Na mayar na ɗaure, kuma ku rubuta wannan ku ajiye: ban faɗa wa kowa ba. Sai matar mai kantin magani.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi da ƙarfe uku na rana, mu da maƙwabtanmu na ƙetaren teku, wanda ya ci shi zai tafi gasar duniya. Duk Baramgol muka cika zauren tsofaffi. Aka soya wainar dankali, aka kawo giyar shinkafa a buta. Okbun ta zauna can ƙurya kusa da takalma, wai ita iska take so.

Da aka jero 'yan wasa ana taken ƙasa, kyamara ta bi su ɗaya-ɗaya. Ga Darae, ga tuta a ƙirji. Matar mai kantin magani ta zungure ni. A wuyan hannunta na hagu akwai wani ɗan ƙyalle rawaya, an naɗe shi da filasta. Na waiga ƙurya. Okbun tana kallon silin.

Ni ban san dokokin wasan nan duka ba, na dai san in raga ta motsa ta can mu ne, in ta motsa ta nan su ne. Suka wuce mu da uku. Muka kamo. Darae ta zura biyar, ta shida ta daki ƙarfe, mai gari ya dafe kai kamar lasifikarsa aka sake jifa. Wata ƙatuwa a cikinsu ta maƙale mata kamar kaska, duk inda ta juya tana nan. Saura daƙiƙa tara, muna da ashirin da bakwai, su ma ashirin da bakwai, ƙwallo a hannunmu.

Aka ba ta tsakiya, ta tsakiya ta ba ta gefe, ta gefe ta cilla wa Darae. Ƙatuwar nan ta ɗaga hannuwa biyu kamar katanga. Darae ta taka ɗaya, biyu, uku. Na san takun nan, na gan shi a gona tun tana 'yar tara. Ta tashi sama, ta wuce hannuwan, ta murɗa.

Mai tsaron raga tana faɗuwa hagu, ƙwallo ta riga ta shige dama.

Zaure ya tashi. Buta ta kife, wani tsoho ya jefa sandarsa sama ya manta da ita yake tsayuwa. A talabijin abokan wasanta suka danne ta a ƙasa, ta zame ta fito, ta nemo kyamara, ta ɗaga hannun nan mai ƙyalle rawaya, sannan ta sunkuya har ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa babba. Kowa a zauren ya san wa ake gaisarwa.

To ni kuma sai bakina ya motsa. Na hau kan benci na ce, "Jama'a, wa ya yi wannan aiki? Wa ya zauna a hanya? Da an bar ta ga wasu masu allura da zare, da yanzu tana..."

Ban ƙarasa ba. Wani abu ya taso daga ƙurya, ya tsallake kawunan mutum talatin, ya sauka tsakiyar goshina, tas! Takalmin roba ne. Na zauna daɓas.

Na dafe goshi na dubi ƙurya. Okbun tana tsaye, fuska sharkaf da hawaye, hannunta bai gama sauka ba. Hannun hagu.

Shekara hamsin muna katanga ɗaya, na san yawan tulunanta, na san ranar da take wanke kai, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa yatsunta biyu na hagu suka karkace ba, ko me ya sa 'yar ƙauyen nan ta labarinta ba ta da suna.

Na ce, "Yaya... ashe ke ce?"

Ta share fuska da bayan hannu, ta ɗingiso ta ɗauki takalminta. Ta ɗaga butar da ta kife, ta girgiza ta ji da saura, ta zuba min a ƙoƙo a gaban kowa da kowa, da hagu.

"Sha," ta ce. "In kin gama ki je ki faɗa. An gyara lasifikar."